Azarar Malam Choji

"Maman Gilbert, ja ni gefe," in ji Malam Choji. "Can, gindin darbejiya."

Matarsa Tabitha ta ja kujerar da shi a kai tana haki. 'Yata Badi'a kuwa tana tsaye a kan azara, hannuwa a buɗe, ta yi tsuru-tsuru kamar kazar da aka ɗora a katanga.

Azarar giginya ce da ya ɗora bisa bulo a tsakar gidansu, nan Unguwar Tudu, inda katanga ɗaya ta raba mu. Malamin motsa jiki ne a firamare. Da ya fara tara yara suna tafiya a kan itacen nan, ni ce kan gaba wajen zolaya: a ce mutum ya taso tun daga Filato don ya koya wa masu ƙafa tafiya? Dariya ya yi.

"Maman Badi'a, in kin ɗauko tulu, kina kallonsa ne? Jikinki ya san inda yake. Sauraron jiki nake koya musu."

Badi'a ta fi kowa, har aka zaɓe ta zuwa gasar makarantu a Kano. Sai dai tana da cikas: ba ta iya ƙetarewa sai Malam yana ƙarshen azarar, idonta cikin nasa. Ya kau da kai, tana ƙasa. Ana cikin haka ɓarin jikinsa ya shanye. Mutumin da na sha gani yana tafiya da hannuwansa, ya koma cokali ma sai an riƙa masa. Wallahi abin ya ci mini rai. Amma ko a kujera, kullum da la'asar sai an kai shi ƙarshen azarar, sai dai ran nan da ya ce a janye shi.

"Malam, ka dawo, ba na ganinka," in ji Badi'a.

"Ba ni za ki gani ba. Rufe ido. Me tafin ƙafarki yake ce miki?"

"Ya ce zan faɗi."

"Tsoro ne ya amsa. Sake tambayarsa."

Ta ɗaga ƙafa, sai ga ta tim a ƙasa. Ta tashi da kuka ta shige gida.

"Haba Malam," na ce, "ka tausaya mata mana."

"Tausayin ke nan," ya ce, maganar tana fita da ƙyar. "A Kano babu ni."

Fushi ya hana ta komawa. Ran Laraba da hantsi muka ji kukan Tabitha. Unguwa ta cika gidan, yaran da ya koyar tare da iyayensu, har mota ta ɗauki gawarsa zuwa garinsu. Badi'a kuwa, tuwo ma sai juya shi take yi. Na cire rai da zancen Kano.

Tabitha ta bar mini makulli in riƙa ba kajinta tsaba. Wata la'asar na shiga na tarar Badi'a ta riga ni, ta katanga. Tana kan azara, ido a rufe, yatsun ƙafarta suna lalubar itacen. A tsakiya ta yi tangal-tangal, na danne bakina da mayafi. Ta tsaya cak, ta ja numfashi, ta ci gaba har ƙarshe.

Da ta buɗe ido ba gabanta ta duba ba. Gefe ta juya, gindin darbejiya, inda ganye ya fara taruwa a kan kujerar.