Takardar da Issoufou Ya Sa wa Hannu

Da Issoufou ya san abin da fasinjan nan zai gaya masa, da bai ɗauke shi ba.

Wata huɗu ke nan da ɗansa Nassirou ya tafi Koriya ta Kudu cikin kakin sojan Amurka. Shekararsa goma sha bakwai sa'ad da ya kawo takardar shiga soja, ya ce sai iyaye sun yarda. Issoufou ya sa hannu a tsaye, a kicin ɗinsu na Landover kusa da Washington, bai karanta ba, don kada yaron ya gane Ingilishin ya fi ƙarfinsa. Matarsa Hajjo ta sa nata don ta ga ya sa. Ranar tafiya tana kuka ya ce, "Haba Hajjo, yaƙin can ya ƙare tun ba a haife mu ba."

Fasinjan wani tsoho ne ɗan Koriya, ya haura tasa'in. Daga unguwar Springfield ya shiga tasin da Issoufou ke tuƙawa, za shi wurin gumakan tunawa da sojojin yaƙin Koriya, cikin Washington. Ya ga hoton Nassirou cikin kaki manne a gaban mota.

"Ɗanka ne? Ina aka kai shi?"

"Ƙasarku, Baba. Ai lafiya lau can, ko?"



"Mu biyu uwarmu ta haifa," in ji tsohon. "Yayana yana aiki a arewa aka raba ƙasar. Rasha ta ba su tankoki, Sin ta turo musu mutane. Mu kuma Amurka ta ba mu bindiga da takalmi. Shekara biyu ina harbi. Har yau ban sani ba ko shi na harba."

"Amma dai an gama."

"Wa ya gaya maka? Wuta aka tsagaita. Ba a ƙulla zaman lafiya ba. Masu ba da bindigar kuma suna nan, kowa bayan nasa."

Issoufou ya sauke shi, ya riƙe masa hannu har bakin hanya. Daga nan ya kasa ɗaukar kowa. Ya kira Nassirou sau uku, wayar ba ta shiga ba. Sai ga kiran Hajjo, tana tambaya ko zai biyo da burodi. Ya ce to.

Saura wata takwas Nassirou ya dawo. Issoufou bai san ko shirun bindigogin can zai kai wata takwas ba, bai kuma san ko zai iya gaya wa Hajjo abin da ya ji ba.