Tsibirin da Ba Shi da Alƙali

"To, wa ke da garin?" Zuwaira ta tambaya.

"Ba gari ba ne, tsibiri ne, can inda arewa ta ƙare," in ji yayanta Ɗahiru. "Turawan Nowe ke riƙe da shi. Amma da sharaɗi aka bar musu: ƙasashe da yawa sun sa hannu, har da Ingila, cewa mutanensu na iya shiga su yi aiki, ba mai korarsu."

"Alƙalinsu fa, Yaya?"

"Wane alƙali? Gwamna ne guda, da mahaƙa kwal, sai ƙanƙara."

Ɗahiru akawu ne a Sakateriya. Daga ofis ya biyo ta gidanta a Abakpa, ya jingine kekensa a zaure, ya same ta tana tsince shinkafar da ba ta cika tafi biyu ba. Girkin mutum ɗaya ba shi da daɗin kallo.

Mijinta Sanda mai zuba wuta ne a jirgin ƙasa, kafin ya gangara Ikko ya kama irin aikin a jirgin ruwa. A farkon daminar nan abokin tafiyarsa Lawal ya dawo shi kaɗai. Ya ce sun je ɗaukar kwal a wannan tsibiri, Sanda ya faɗi ya karye a cinya, aka kwantar da shi a asibitin mahaƙa, jirgi ya tashi tun ƙanƙara ba ta rufe teku ba. Daga nan shiru, ba mutuwa ba rai.

Ɗahiru ya kai maganar gaban alƙali. Alƙali ya ce hanya ita ce a rubuta wa alƙalin wurin ya bincika, ko a kawo Musulmi biyu adilai da suka gan shi. In duka ba su samu ba, ta zo da kanta ta yi ƙarar rashin ci da sha, a raba auren. Ga shi yau ya tabbata cikin biyun farko ba ɗaya da zai samu.

"Saura ke kawai," ya ce. "Gobe in zo mu tafi. Ke ba amarya ba, ba mai takaba ba, kin zauna kina gadin tabarma. Ko so kike ki yi furfura kina jiran ƙanƙara ta narke?"

Ba ta yi dariya ba. Yayyafi ya fara buga kwanon rufi, can wajen tasha jirgi ya yi kuka, irin kukan da a da take tashi ta ɗora ruwan wanka in ta ji shi.

"'Yan ƙasar wurin ba za su riƙe shi ba?"

"Ai ba 'yan ƙasa. Baturen ofishinmu ya ce kowa baƙo ne, kowa da inda zai koma. In sanyi ya shigo ma rana ba ta fitowa, wata da watanni."

"Ba rana? To da me yake gane azahar?"



Zuwaira ta ajiye faifan. Ta hango Sanda kwance cikin masu wani yare, ba ladan, ba inuwar da zai auna, ba mai ce masa sannu da Hausa. Kowane mahaƙi a can yana da ƙofar da ake jiransa. Iyayen Sanda sun rasu, ɗan'uwa ba shi da shi a Kaduna. In ta tsaya gaban alƙali gobe, shi kaɗai ne a tsibirin nan zai zama ba shi da inda zai koma. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba.

"Zuwaira, magana nake miki."

"Na ji, Yaya. Tunda ba alƙali, gwamnan nan ai yana karatu. Ka rubuta masa da Turancinka, ka ce baƙon da ya karye yana da mata a Abakpa. Ni ba zan je a raba aurena ba. Zan jira shi."