Bizar Kallon Teku

Mai Keke, kamar yadda duk layin ke kiranta saboda tsohon keken ɗinkinta mai ƙafa, ta jera kayan jaririn a kan teburin yanka, daga ƙarami zuwa babba. Rigar farko ba ta wuce tafin hannu biyu ba, farar auduga ce mai laushi, ta juya ɗinkin waje don kada ya cuci fata. Ta biyun ta ɗan fi ta. Akwai mai maɓalli a kafaɗa, ta lokacin da wuya zai tsaya, akwai kuma ɗan wando da ta ninka masa ƙyalle a gwiwa saboda rarrafe. Duk wanda ya shigo shagon ya tambaya, sai ta ce 'yarta Auta ce za ta haihu a ƙasar waje, kuma ita da hannunta za ta sa wa jaririn kowanne idan lokacinsa ya yi.

Auta tana wani tsibiri mai zafi da yawan ruwan sama, inda mijinta ke aikin injin jirgin ruwa. Idan ya shiga teku sai ya share makonni bai leƙo gida ba. Cikin fari ne, ba uwa kusa, ba 'yar'uwa, ba ko maƙwabciyar da ke jin yarenta. Tun ranar da ta bugo waya ta faɗi labarin, Mai Keke ta yanke shawara ba ta nemi ra'ayin kowa ba: za ta rufe shago ta je ta zauna har sai yaron ya yi ƙwari.

Harkar takardu ta bar wa babban ɗanta, Manaja. Tun yana ƙarami aka laƙaba masa sunan, domin ko wasan ƙasa ake yi, shi ne mai raba wa kowa aiki ya koma gefe ya riƙe ƙugu. Ya girma bai sauya ba. Yana aiki a kamfanin inshora, matarsa ma'aikaciyar asibiti ce mai aikin karɓa-karɓa, yaransu uku kuma a shagon kakarsu suke tashi. Ita ke ɗauko su daga makaranta, ita ke ba su abinci, ita ke cire musu allura daga hannu da cingam daga gashi. Ba ta taɓa ƙorafi ba, shi kuwa bai taɓa tunanin akwai abin ƙorafi ba.

"Mama, biza iri ɗaya ce," ya ce mata tun farko. "Ta wata guda suke bayarwa. Idan kin isa can sai a ƙara miki, ba wani abu ba ne."

Ta yarda. Wace uwa ce za ta tsaya binciken ɗanta a kan takarda?

Ranar da fasfo ya fito, Manaja yana taro a wurin aiki, ita kuwa zumuɗi ya hana ta jira. Ta rufe shago ta hau mota ta tafi ofishin tafiye-tafiyen da kanta. Ɗaki ne ƙarami a hawa na biyu, kujerun roba, na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga cikin bokiti. A bango an manna hoton bishiyoyin kwakwa da wata mata mai faffaɗar hula kwance a bakin teku, ba ta da aikin fari bare na baƙi. Mai ofishin, wata matashiya mai gilashi, ta miƙo mata fasfon da hannu biyu, ta yi mata murna.

Mai Keke ta shafa shafin bizar kamar tana gwada yadi. "To 'yar nan, idan na je can, ina ne ake zuwa a ƙara kwanakin?"

"Wannan ba a ƙara ta, Mama."

"Ba a me?"

Yarinyar ta gyara zama ta yi mata bayani dalla-dalla. Biza biyu ce. Akwai ta yawon buɗe ido, wadda ke hannunta, ta wanda zai je ya kalli teku ya sayo tsaraba ya dawo. Wata guda ce cif, kuma wanda ya wuce ranarsa, za a fito da shi a hana shi komawa na shekaru. Akwai kuma ta dogon zama, ta iyayen mazauna tsibirin, wadda ake yin har shekara da ita. Ita wannan tana buƙatar gwajin lafiya da inshora da shaidar surukinta, daga nan ake nemanta ba daga can ba, kuma tana cin kamar wata uku kafin ta fito.

"To in je da wannan, in dawo in nemi waccan."

"Dokarsu ta hana, Mama. Wanda ya shiga da ta yawo, sai ya yi rabin shekara a waje kafin ya nemi ta zama. Idan kuma kika nemi ta zaman yanzu, wannan ta mutu." Ta dubi fuskar tsohuwar. "Ai na zaci kin sani. Duk na yi wa ɗanki bayani tun zuwansa na farko, da jimawa. Lokacin da an nema, da tuni ta fito. Har ma shi ya tambaye ni wacce ce ba a iya tsawaitawa."

Mai Keke ta miƙe tsaye. Ta sa fasfon a jaka, ta ja zif ɗin da ƙarfin da sai da haƙoransa suka rabu. Ta sauko matakalar tana jin kunnenta na zafi. Saura makonni kaɗan Auta ta haihu. Ashe duk watannin da ta kwashe tana ninka ƙyalle a gwiwar wando, ɗan da ta haifa ya riga ya auna mata zamanta ya yanke, kamar yadda ita take yanke yadi, bai bar mata ko abin ƙari ba.

Da la'asar Manaja ya zo ɗaukar yara, yana kaɗa makullin mota a yatsa. Ta tura yaran shagon maƙwabci su sayo zaren da ba ta buƙata. Sannan ta ajiye fasfon a kan teburin yanka, kusa da kayan jaririn.

"Kai, biza nawa ce?"

Makullin ya tsaya. "Mama, kin je ofishin ne? Ai da kin bari ni..."

"Biza nawa ce, na ce."

"Biyu." Ya kalli ƙasa, sai kuma ya ɗago da fuskarsa ta ofis. "Amma ki tsaya ki ji. Ta dogon zaman nan wahala ce, ga gwaje-gwaje, ga shekarunki, ga zafin wurin..."

"Kada ka kawo mini shekaruna. Shekarun nawa ba su hana ni goya ɗanka ina taka keke ba. Ka tambayi yarinyar nan wacce ce ba a tsawaitawa, ko ba ka tambaya ba?"

Ya sa makullin a aljihu. Can ya ja kujera ya zauna, ya dafe kai. "To ni yaya kike so in yi? Shekara guda, Mama. Uwarsu wata rana da safe za ta fita, wata rana da yamma. Ni ban isa in bar aiki ba. Ƙaramin nan ko abinci ba ya ci sai a hannunki. Auta 'yarki ce, na sani. Ni ma ai ɗanki ne."

Wannan maganar ce ta fi ƙona mata rai, don gaskiya ce, kuma da ita ya so ya rufe ƙaryarsa.

"Ɗana ne kai, shi ya sa na ba ka fasfona ban ko duba ba. Da baƙo ne da na yi tambaya." Muryarta ba ta hau ba. "Ƙanwarka tana can ita kaɗai da bango huɗu, kai kana nan da mata, da mota, da dangin mata, da ni a kan layi. Duk ba su ishe ka ba. Baki gare ka, me ya hana ka roƙe ni?"

"Da na roƙe ki za ki zauna?"

"Ba zan zauna ba. Amma da na tafi ina tausayinka, ina neman maka mafita. Yanzu kuwa tashi ka kwashi 'ya'yanka, ba na son ganin fuskarka."

Washegari da safe ta kira Auta. Hoton yana yankewa yana dawowa, fuskar yarinyar ta kumbura, a bayanta ana jin ruwan sama a kan rufi. Mai Keke ta zayyana mata komai, ba ta rage wa Manaja ko ƙwayar zarra ba. Zaɓi biyu ne: ko ta zo yanzu ta ga haihuwa ta juyo jaririn bai ko san ƙamshinta ba, ko ta jira ta rasa haihuwar, ta zo ta daɗe.

Auta ta gyara riƙon wayar. Ta goge ido da bayan hannu.

"Mama, ranar haihuwa akwai likitoci, kuma an ba maigidana hutu, yana nan. Ba ita nake tsoro ba. Ranar da zai koma jirgi nake tsoro, ya bar ni da jariri ban san yadda ake riƙe shi ba." Ta haɗiye kuka. "Amma wallahi ina son hannunki a ranar. Ban san me zan ce miki ba."

"Kin riga kin faɗa," in ji uwar.

A ranar ta koma hawa na biyu ta ajiye fasfon a gaban mai gilashi. Ta ce a kashe ta kallon tekun, ita ba kallo za ta je yi ba.

Sai aka shiga jira. Aka ɗebi jininta, aka ɗauki hoton ƙirjinta, aka sa ta dangwala yatsu goma kamar wadda aka kama da kayan sata. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, yaran Manaja sun ci gaba da zuwa shago. Su ba su yi mata laifi ba, kuma ba ta iya ganin ƙaramin da yunwa. Wato ƙaryar uban ta biya shi har da riba: ya so ya ba ƙanwarsa wata guda ya riƙe sauran, ga shi ya samu wata uku cur ba tare da ya ba da komai ba. Kullum ya zo ɗaukarsu sai ya tsaya a bakin ƙofa ya gaishe ta. Takan amsa da kalma ɗaya, idonta a kan allura.

Haihuwar ta zo da rana tsaka, tana cikin yi wa wata mata awo. Surukinta ya kira, muryarsa a sama, ya ce abu ya yi tsanani an shiga da ita ɗakin tiyata. Mai Keke ta zauna a ƙasa a tsakiyar shago, igiyar awo a wuyanta, wayar a cinyarta. Ba jirgin da za ta hau, ba ƙofar da za ta buga. Addu'a take yi, fushi yana katse mata ita, ta sake farawa. Da wayar ta sake ƙara, sai ga wata 'yar mitsitsiyar yarinya a cikin tawul ɗin asibiti, ga Auta a gefe, leɓe a bushe, tana cewa, "Mama, na yi ta kiranki." Mai Keke ta sa yatsa a kan gilashin wayar ta shafa kumatun jaririyar. Gilashin da sanyi.

Bizar ta fito bayan jaririyar ta fara murmushi, mijin Auta kuma ya daɗe da komawa teku. Manaja ya samo wata dattijuwa daga dangin matarsa da za ta riƙa kula da yaran. Bai sha wata wahala ba wajen samunta, wannan ma Mai Keke ta lura da shi, ta adana.

Ranar tafiya ya zo da mota tun da hantsi. Ya tarar akwati a buɗe a kan teburin yanka, tana ta ninke kaya. Ya tsaya yana murza makulli.

"Mama, ki yafe mini kafin ki hau jirgi."

Ta ci gaba da shirya akwatin. Ta sa rigar nan mai maɓalli a kafaɗa a ciki, ta sa wandon rarrafe, ta danna su da tafin hannu. Farar rigar nan ta farko ce kaɗai ta rage a kan tebur. Ta ɗaga ta, ta tuna hoton jiya, yarinya ta yi ɓul-ɓul, damtsenta ma ba zai shiga hannun rigar ba. Ta ninke ta biyu, ta kamo hannun ɗanta ta buɗe tafinsa ta ɗora masa.

"Me zan yi da ita, Mama?"

"Ka ajiye. Ta yi mata kaɗan, ba wanda ya taɓa sa ta." Ta rufe akwatin ta ja zif. "Wannan taka ce. Ɗauki akwatin mu tafi."