Shafi Goma Sha Shida Babu Ja

Ranar Juma'a, tara ga Fabrairu, na mayar wa Litia shafukanta goma sha shida ban ɗiga musu jan biro ko sau ɗaya ba. Kwana goma sha ɗaya bayan haka ta bar Kyoto.

Makarantarmu ta koyon zane tana hawa na uku, a saman wani shagon sayar da waya. Mai ita, Hoshikawa, a da tikitin yawon buɗe ido yake sayarwa, kuma a ganina bai canza sana'a ba. Duk shekara yakan kwaso matasa daga ƙasashe barkatai, waɗanda suka girma suna karanta manga, littattafan labari cikin zane na ƙasar nan, har suka ɗauka wanda ya daɗe yana cin shinkafa ya iya nomanta. Su zo su zana min 'yan mata masu idanu kamar faranti, riƙe da takobin da ya fi su tsawo, a ƙarƙashin furen da ba su taɓa sansanawa ba. Hoshikawa ya bi tebur-tebur yana cewa madalla, hannu kamar na ɗan ƙasa. Ya faɗa wa mai basira, ya faɗa wa wanda bai iya zana kofi ba, da murya ɗaya. Sau biyu yana ja min kunne, wai baƙi ba sa jure abin da muka jure, in rage ja. Na ce shi ma ya rage kwaso makafi.

Ni Kuwabara, shekara talatin da ɗaya na yi a ƙarƙashin maigidana Okudera ina zana gine-gine da turakun lantarki da ruwan sama a bayan jaruman wasu. Sunana bai taɓa hawa bangon littafi ba. Okudera ba ya yabo, kuma babu mai sa rai. Ka kai masa shafi, ya dawo maka da shi kamar an yanka kaza a kai. A shekarata ta goma sha ɗaya a wajensa ya miƙo min wani shafi babu ɗigon ja, ya ci gaba da shan tabarsa. Na kai gida na nuna wa matata Sumako. Ba ta tambaye ni komai ba, ta ɗauki jaka ta tafi kasuwa ta sayo kifin biki. Kowa a sana'ar nan ya san ma'anar shafin da ya dawo babu ja. Sumako ta rasu shekara shida da suka wuce, Okudera ya riga ta, ni kuma ban lura cewa "kowa" ɗin nan ya zaizaye har ya koma ni kaɗai ba.

Litia daga Fiji ta zo, da tallafin karatu na shekara guda. Doguwa ce, tana ƙyalƙyala dariya a ƙasar da ake rufe baki da hannu. Ita ma da masu idon faranti ta fara. Na cika mata shafin farko da ja har takardar ta huje. Na tambaye ta ko a garinsu akwai mai irin wannan ido. Ta ce akwai, kifi. Na ce to ta zana kifin.

Sauran in na yi musu haka, ofis suke kai ƙarata. Ita kuwa washegari ta dawo da gyara, ta ajiye min sabon jan biro a tebur, wai kada nawa ya ƙare a kanta in ce ta talauta ni. Tana kirana Malam a gabana, Tsoho Mai Jini a bayana, kuma takan tabbatar na ji. Wata rana na tarar tana jera tsofaffin shafukan da na ɓata mata a cikin jaka, a tsanake. Na ce ta zubar. Ta ce a'a, a duk ginin nan su kaɗai ne shaidar cewa wani ya karanta abin da ta zana. Na ji maganar, har ta yi min daɗi. Ban tsaya na auna ta ba, ni da nake taƙama da ɗaki biyu cike da littattafai.

A watan Janairu ta faɗa min halin da take ciki. Tallafin zai ƙare a ƙarshen Fabrairu. Ko ta nemi ƙarin izinin zama, ta riƙa wanke kwanuka a gidan abinci tana kai aikinta wajen editoci a Tokyo, ko ta koma garinsu Nausori, inda kawunta yake da shagon buga riguna da kalanda, kujera na jiranta. Ta ce Hoshikawa ya riga ya ce ta zauna, amma shi ko tsintsiya ce ta yi rajista haka zai ce mata. Za ta kawo min aikinta na ƙarshe, abin da na gani shi za ta bi.

Labarin wata mai sayar da kaguwa ne a kasuwa, mijinta ya mutu ya bar mata rediyo. Shekara talatin tana masa faɗa ya rage ƙara, yanzu tana neman tashar da yake saurare ta kasa samu, domin ba ta taɓa kula ba. Babu takobi, babu fure. Shafi na goma sha biyu an raba shi gida huɗu, babu kalma ko ɗaya, hannu ne kawai a kan abin murɗawa. Da safe na karanta a kicin, kusa da tukunyar dusar da Sumako ta saba tsuma kokwamba a ciki. Kullum ina juya dusar da hannu yadda na ga tana yi, kullum kokwambar na fitowa da ɗaci, don ban taɓa tambayarta me take ƙarawa ba. Na cire murfin biro. Sau huɗu na karanta ina neman inda zan sa shi. Akwai wata taga a shafi na uku da ta ɗan karkace, na duba da kyau na ga da gangan ne. Na mayar da murfin.

Ranar Juma'ar na miƙa mata da hannu biyu, abin da ban taɓa yi wa ɗalibi ba. Ta buɗe tana murmushi, tana juyawa murmushin na raguwa. Ta kai ƙarshe, ta duba bayan takardun.

"Malam, biron ne ya ƙare?"

Na nuna mata shi a aljihu.

"To in zauna ko in tafi?"

Na ce malami ba ya amsa irin wannan tambaya da baki. Haka Okudera zai ce, kuma a raina na riga na amsa da babbar murya. Na kira na gaba.

Kamar an aiko shi, sai ga Hoshikawa. Ya karɓi shafukan, ya kaɗa su kamar mai fifita, ya ce madalla, hannu kamar na ɗan ƙasa, ga shi har Malam Kuwabara ya rasa abin cewa. Litia ta dube shi, ta dube ni, kallo iri ɗaya.

"Ashe kai ma ka gaji," ta ce min. Ba ta yi dariya ba.

Ƙarya zan yi in ce ban ga komai ba. Na ga abin ya karkace. Amma na ce ɗalibi ke zuwa wajen malami, za ta tambayi wani ya yi mata bayani. Wa za ta tambaya? Saurayin da ke koyar da zane a kwamfuta, wanda bai taɓa ɓata yatsa da tawada ba? Kwana goma na zauna ina jira kamar gunki. Aka yi liyafar bankwana, da takardun shaida masu ruwan zinariya a gefe, da ɗaukar hoto an ɗaga yatsu biyu. Ban je ba, ban taɓa zuwa irinta ba. Da na je, da na ganta a layin masu tafiya.

Ranar Laraba ake kwashe tsofaffin takardu a unguwar. Na iso da safe na tarar da na makaranta a bakin titi, tallace-tallace da kwalaye. A gefe akwai wani ƙunshi daban, an ɗaure shi da igiya a gicciye, tsaf, yadda hukumar gari take so. Na Litia ne, wannan kam mun koya mata. Shafuka masu jan nan na shekara guda suna ƙasa, goma sha shidan a sama. Na tsuguna a gaban mai shagon waya ina kwance igiya da haƙori.

Ofis suka ba ni adireshin kawun. Na rubuta wasiƙa uku. Duk wadda na karanta sai in ji muryar Hoshikawa a ciki: madalla, basira, abin alfahari. A ginin nan an tauna kalmomin yabo an tofar har babu wadda za a iya ɗauka, kuma yarinyar ta fi ƙarfin a ruɗe ta da su. Ban aika ko ɗaya ba.

Dama maganar ba ta takarda ba ce. Ta tsaye ce, a ranar, tana gabana riƙe da shafukan tana jira. Ki zauna, Litia. Kin fi ni.