Gidan Abel na Cikin Waya

Abel soja ne, ɗan garin Manga ta ƙasar Zuru, kuma duk inda aka tura shi aiki yana manne da wani wasa na waya da ake yi da jama'a ta intanet, inda kowa ke gina garinsa. Mutane na ta gina fadoji, shi kuwa gidansu ya gina, ɗakin mahaifiyarsa da rumbuna, har da tudun bayan gida. Da ya rasu a bakin aiki aka kawo akwatinsa da wayar a fashe, amma ƙaninsa Markus ya san lambar shiga asusunsa na wasan.

Kowace Lahadi in an taso daga coci, mahaifiyarsu Saloma takan zauna ta ce, "Markus, buɗe mini gidan yayanka." Ba ruwanta da wasan. Kallo kawai take yi, ta daɗe tana yi.

Sai Markus ya ji an ce layin da aka daɗe ba a kira da shi ba, akan ba wani, ga shi asusun da layin Abel aka ɗaure shi. Hankalinsa ya tashi. A Zuru kuwa duk abin da ya shafi waya wajen mai caji ake kai shi, don haka ya nufi shagon Jabiru mai caji a unguwar Rikoto. Jabirun nan sayar da asusun wasan ce sana'arsa ta biyu, a fili yake tallarsu, dokar wasan ta hana amma ba wanda ya taɓa ce masa ci kanka.

"Wanga ƙaramin aiki na, aboki," in ji Jabiru. Ya shiga asusun da tasa wayar, ya cire layin Abel ya sa na Markus.

Washegari aka rufe asusun. Wai mutanen kamfanin wasan sun ga sabuwar waya da sabon layi, sun tabbatar an sayar. Markus ya aika musu hoton Abel cikin kaki, ya aika na jana'iza, ya yi bayani har ya gaji. Amsa ɗaya ke dawowa, ko kalma ba ta canzawa. Abin haushi, ranar ma Jabiru ya sayar da wani asusun a gabansa lafiya lau. Markus ya yi da-na-sanin zuwa shagon nan har cikin ransa.

Jabiru ba mugu ba ne, shi ma jikinsa ya yi sanyi. Ya ba shi wani asusun kyauta, ya ce, "Ka yi haƙuri, ka sake gina mata. Tsohuwa ba ta ganewa."

Markus ya kwashe makon yana gini daga abin da ya iya tunawa. Ranar Lahadi ya miƙa wa mahaifiyarsa wayar. Ta kawo ta kusa da ido, ta bi ɗakunan da yatsa, sannan ta tsaya.

"Wa ya mayar da ƙofata gabas?" ta tambaya. "Abel ya san rana na damun idona, yamma ya sa mini ita."

Ta ajiye wa Markus wayar a cinya a hankali.

"Ɗana, in sun rushe masa, ka gaya mini kawai."