Wanka Na Huɗu Ba Na Mutane Ba Ne

"Taya! Ƙofar nan ta ƙi buɗuwa!"

Muryar saurayina Arkadi ce, yana kiran sunana daga cikin banya, ɗakin katakon da muke wankan tururi a ƙarshen lambu. Na yar da bokitin dankali na ruga. Tururi na feshi ta kowace ɓaraka. Na cafki mariƙin ƙofar, na sake shi da ihu, ya ƙona mini tafi.

"Doke ta da kafaɗa!" na ce.

"Na doka! Taya, wani na watsa ruwa a kan duwatsun wuta. Ni kaɗai ne a nan, amma wani na ta watsa ruwa!"

Na ji da kunnena. Ruwa ya sauka a kan dutse mai zafi, ya yi tsuwa. Ƙofar nan ko sakata ba ta da ita.

Kaka Frosiya ta iso tana ɗingishi, hannunta duk garin alkama.

"Wa ke ciki?"

"Arkadi. Yanzu motar birni ta sauke shi, ya ce bari ya watsa ruwa."

"Ke! Maza sun shiga, mu mata mun shiga, yara sun shiga. Na huɗu na wa ne?"

Duk wanda aka haifa a ƙauyenmu Olhovka ya san wannan. In an yi wanka uku, sai a bar ruwa a baho, a bar guntun sabulu da tsintsiyar ganye, a ja ƙofa. Na huɗu na Mai Banya ne, aljanin da ke zaune a bayan murhu. Ni da na rubuta littafi sukutum a kansa, ni na manta ban faɗa wa ɗan birni ba.

Na ɗauko gatari. Kaka ta riƙe mini hannu.

"Sari ƙofarsa ki gani in bai saɓule wa yaron nan fata ba."

Ta zaro baƙin burodi daga aljihu, ta barbaɗa gishiri, ta ajiye a bakin ƙofa, ta rusuna.

"Maigida, a yi haƙuri. Baƙo ne, bai san tsarin gidan ba."

Burodin ya motsa da kansa, ya gangara cikin ciyawa.

"Taya..." Muryar Arkadi ta yi ƙasa. "Littafinki na nan a kan benci. Shafukan na buɗe kansu."

Na juya na kalli Kaka. Ta kau da kai.

"Kaka, me ya kai littafina banya?"

"To ina zan karanta irin wannan rashin kunyar, a gaban kawunki? Duk Asabar nake shiga da shi. Kin san ba na iya karatu a zuci, sai na ɗaga murya. Ina na sani yana saurare? Yau na kai ƙarshe."

Sai na gane. A littafin na mai da Mai Banya dogon saurayi mai faɗin ƙirji, ya kamu da son malamar makarantar ƙauye. 'Yan mata a birni sun yi ta rububinsa. A babin ƙarshe malamar ta bar shi, ta shiga jirgin ƙasa ta bi wani ɗan birni. Don tsokana na sa wa ɗan birnin suna Arkadi.

"Sannu da wayo!" in ji Kaka. "Kin ƙwace wa aljani mata, kin ba saurayinki, sannan kin turo masa shi tsirara!"

Wani abu mai nauyi ya faɗi a ciki.

"Arkadi? Arkadi!"

Tsuwar ruwa kawai nake ji a kan dutse, ana ƙara zubawa a hankali, ludayi bayan ludayi.

Na durƙusa a bakin ƙofa, tururi na cin fuskata.

"Maigida, ba ƙarshen ba ke nan! Kuskure aka yi wajen bugawa! Malamar ba ta tafi ba. Ta sauka a tasha ta gaba, ta ce ɗan birnin nan ko itace bai iya faskarawa ba..."

Ruwan ya tsaya.

"Ci gaba, 'yar nan," Kaka ta raɗa, tana zana gicciye a ƙirjinta.

"Ta dawo ƙauye da akwatinta. Ta kama ɗaki a gidan nan. Ta zauna tare da kai har abada."

Wata murya ta fito ta ƙasan ƙofa, daidai kunnena, kamar ana murza jiƙaƙƙen itace.

"Yaushe?"

"Yau!" Bakina ne ya faɗa, ban tsaya tunani ba.

Ƙofar ta buɗe a hankali. Arkadi na kwance rub da ciki, jikinsa ja wur. Ni da Kaka muka ja shi ta ƙafa har kan ciyawa, na sheƙa masa bokiti biyu na ruwan rijiya. A na uku ya yi tari, ya buɗe ido.

"Ni da wanka har abada," ya ce.

Na fashe da kuka ina dariya. Kaka ba ta yi dariya ba. Hanya take kallo.

Ƙyauren lambu ya yi ƙara. Wata budurwa mai tabarau ta shigo tana jan akwati, takalminta duk taɓo.

"Sannunku da aiki. Nan ne gidan Frosiya? Sunana Lukeriya, ni ce sabuwar malamar makaranta. An ce kuna da ɗakin haya."

A bayanmu na ji ana jera itace a murhu, hayaƙi ya fara tashi daga rufin banya.

Fuskar malamar ta washe.

"Kai, har kun hura banya! Kwana biyu nake kan hanya. Akwai kowa a ciki?"