Ranar da Aka Ce Mu Miƙe Tsaye

Ni dai tun da na ga an jera kujeru ana raba ruwan gora na ce yau za a ƙwace mana wani abu. Hukuma ba ta taɓa ba ni ruwan sanyi a banza ba.

Ashe motar asibiti ce. Farar motar nan da ke zuwa ƙofar gida ta kai Tsoho, mijina, wankin ƙoda. In ya tsallake wanki sai ƙafafu su kumbura, numfashi ya dinga ƙugi. Ga shi a saman bene muke haya, ba ya iya sauka. Dogo ne ke goya shi. Dogo maƙwabcinmu ne, ɗan dako, baƙo ne da ya tsallako iyaka, takardarsa ta zama ta mutu tuntuni. Kowa a benen ya sani, kowa ya ja bakinsa.

Yarinyar ofis mai tabarau ta ce an tara tsofaffi da baƙi ne don a ji ra'ayinmu. Ɗaya za a zaɓa: ko mota, ko ɗakin koyon kwamfuta.

Na ce, "'Yata, kwamfutar tana da taya?"

Aka yi dariya. Sai ta ce ta san yawancinmu ba ma rubutu, don haka ta sauƙaƙa mana. Mai son abu ya miƙe tsaye, a ɗauki hoto a ƙirga.

Da aka kira kwamfuta, 'yan fanshon nan masu zuwa da ƙafarsu suka miƙe zumbur. Da aka kira mota na dubi layinmu. Mai keken guragu, mai shanyewar ɓarin jiki, mai sanda biyu, sai ni da gwiwoyin da suka riga ni ritaya. Ai da muna iya miƙewa da ba mu nemi mota ba. Baƙi kuwa suna baya, suna jin an ce hoto kowa ya sunkuyar da kai.

Na ce, "'Yata, hannu ba zai yi ba?"

Ta ce hannu ba ya fitowa sosai a hoto, manyanta kuma hoto suke kallo.

Na yunƙura, na koma daɓas. Na waiwayi Dogo.

"Ɗan nan, ɗaga ni."

"Kaka, hoto fa."

"Ɓuya a bayana."

"Kaka, ke fa iyakarki ƙirjina."

"To ka rage tsawo! So kake Tsoho ya mutu a ɗaki?"

Ya dube ni, ya dubi mai hoton. Sai na ji hannuwa a hammatata, na tashi sama kamar buhun auduga. Sauran baƙin suka ga haka, kowa ya cafki tsoho ɗaya ya tsayar. Aka haska mu. Mota ta ci.

Ba a daɗe ba sai ga hoton a ƙofar ofis, a tasha, har bakin kasuwa. Ga ni baki ba haƙori, ga fuskar Dogo a saman kaina, fes. An ce yabo aka rubuta a ƙasa. Ni ban iya karatu ba, amma na iya karanta fuska, masu kamen baƙi ma sun iya.

Dogo ya shigo da jakarsa ya durƙusa gaban Tsoho.

"Baba, ku yafe ni."

Ban tambaye shi inda za shi ba, don kada a tambaye ni.

Yau ga motar can ƙasa tana ta oda. Direba ya ɗago kai ya ce shi tuƙi aka ɗauke shi, kuma bayansa na ciwo. Na bubbuga ƙofofin benen kaf. Wasu sun tafi aiki, wasu sun bi Dogo.

Na dawo na tarar da Tsoho a bakin gado, ya sa hularsa, takalmi ya ƙi shiga.

"Ke, motar ce?"

"Ita ce. Ai mu muka ci."

Odar ta sake tashi, doguwa, irin ta mai shirin tafiya. Na ɗaure ƙugu da gyale, na dafa bango, na juya masa baya.

"Hau, Tsoho. Kada ka yi nauyi."